Motar Malam Bukar Da Ta Ƙi Gudu

Na sauka a tashar Haɗeja wata ranar Litinin da hantsi, ɗauke da akwatin ƙarfe na kayan aikina, kafin a kira la'asar kuwa ba ni da akwatin. Da wannan nake farawa duk sanda aka ce in ba da labarin zuwana Nijeriya, don kada wani ya ɗauka da wayo na je.

Sunana Isufu, mutumin Mirriya ne ni, nan kusa da Damagaram. Shekara goma sha shida na yi ina kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane, har aiki ya ja baya a garejinmu, muka koma mu shida muna zagaye mota guda kamar masu zaman makoki. Sai wani direba ya ce mini a Haɗeja tsofaffin motocin kifi da tattasai suna nan birjik, irin masu kafireta ɗin nan da kanikawan zamani ba sa son taɓawa. Ni kuwa irinsu na san su kamar yunwar cikina. Ban yi shawara da kowa ba sai zuciyata, ita kuma ba ta taɓa ce mini a'a ba.

Ina sauka wani mutum ya tare ni, farar shadda, hula zanna, biro biyu a aljihu.

"Ɗan Nijar ne, ko? Wannan akwatin ai na bakanike ne. Kai, Allah ne ya kawo ka, jiya-jiyan nan shugaban kanikawa yake cigiyar wanda ya san kafireta."

Nan take kaina ya kumbura. Ya ce a al'adar garin baƙo ba ya buɗe akwati sai ya gaida shugaba, kuma raini ne a shiga wurinsa da kaya a ka. Muka ajiye akwatin a wani shagon sayar da baƙin mai, ya ce na ƙanensa ne. Ya zaunar da ni a benci ƙarƙashin wata maina, har da saya mini ruwan leda mai sanyi, ya ce bari ya leƙa ko shugaba ya fito. A nan na yi azahar. Da na ga inuwa ta juya ta bar ni a rana, sai na koma shagon.

"Ai abokinka ya dawo ya ɗauka tun ɗazu," in ji mai shago. "Ya ce kun samu masauki."

"Abokina? Ba yayanka ba ne?"

"Wa? Ni yau na fara ganinsa. Tare na gan ku, kuna ta dariya."

Na buɗe baki na kasa rufewa. Wallahi ban yi ihu ba, ban zagi kowa ba, tsayawa kawai na yi ina kallon shatin da akwatin ya bari a ƙasa. Abin da ya fi tsaya mini a rai har yau shi ne ruwan sanyin nan, a ce mutum ya shayar da kai sannan ya tsiyata ka. Katin shaidata ma yana cikin akwatin. Na laluba aljihu na tarar da waya, da sukundireba, da sifana guda lamba goma sha uku da na saba sokewa a wando.

Kwana uku ina bin garin gareji-gareji. Duk inda na je tambayar ɗaya ce, ina kayan aikinka? In na ba da labari a yi mini jaje a baki, ido kuma yana cewa mun saba jin irin wannan. Wani mai gareji mai ƙaton tumbi ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ku ai da ga-ruwa da shayi muka san ku. Ga kurar ruwa can ba mai turawa, in kana so." Na ce masa tun yana rarrafe nake kwance injin. Ƙarya ce, don ya girme ni, amma ta fito kafin in kama ta. Ma'aikatansa suka raka ni har bakin titi da dariya.

Ranar Juma'a yunwa ta karya mini girman kai, na shiga kasuwar kifi na fara dako. Ni ɗan tudu ne, rairayi na sani da ƙaya. Ban taɓa ganin kifi tsibi-tsibi kamar hatsi ba, ban kuma taɓa ganin kogi da ruwa a farkon bazara ba, ga gonakin tattasai kore shar a lokacin da a garinmu akuya ke cin kwali. Warin banda ya shiga rigata ya ƙi fita. Haɓsu matata ta kira ni ta ce yaya aiki, na ce mata alhamdulillahi, ana ta fama da injuna, alhali kwalin tarwaɗa ne a kaina. Da ta kashe wayar sai na ji ina marmarin furar gidanmu har idona ya ciko.

A ranar na fara jin muryar motar. Tsohuwar a-kori-kura ce, shuɗiya a da, an ɗaure ƙofar baya da igiya. Direban ya murɗa makulli ta tashi tashi ɗaya, injin yana bugawa a natse, ba tari ba gargada. Na ce a raina wannan tsohuwa ta samu mai kula da ita. Ya ja ta a hankali lafiya lau. Amma da ya zo hawa kwalta ya taka totur, sai ta yi wani gurnani ta dushe, kamar mutumin da ya buɗe baki zai yi kira aka danne masa ƙirji. Ya ɗaga ƙafa ta dawo daidai. Ya sake takawa ta sake nutsewa. 'Yan dako suka sa masa waƙa, da alama sun saba.

Ni kuwa na manta da kwalin da ke kaina, na bi shi a guje, na leƙa ta taga na ce, "Malam, injin nan bai mutu ba. Wani abu ne ke riƙe da shi."

Ya dube ni, ya dubi kwalin. Saurayi ne dogo baƙi, zai yi shekara ashirin da takwas, idonsa duk gajiya. Na zaci zai yi mini irin ta mai tumbi. Sai ya ce, "Kai wa mai kaya kayansa ka dawo. Ka ci abinci kuwa?"

Sunansa Modu. Ya raba gurasarsa biyu ya miƙo mini babban ɓarin, da soyayyen kifi a takarda. Muka kama hanyar Kirikasamma, ƙauyensu yana gaba da can, a cikin fadama. Tafiyar da bai kamata ta wuce awa guda ba sai da ta ci mana kusan uku, babura suna wuce mu, har wani mai keke ya jera da mu yana gaishe shi. A hanya ya ba ni labari.

Motar ta mahaifinsa ce, Malam Bukar. Da ita ya riƙe gidansa shekara ashirin, yana kai wa matan ƙauyen bandar kifinsu kasuwa. Duk damina in ruwa ya fara tasowa sai ya kai ta wani tudu mai nisa ya ajiye, don hanya takan nutse wata biyu ko uku. Daminar da ta wuce ya kai ta, ya dawo da zazzaɓi, kwana uku Allah ya karɓi abinsa. Da ruwa ya janye Modu ya je ya ɗauko ta, tun daga ranar kuma ba ta sake gudu ba. Kanikawa uku sun duba ta a Haɗeja. An canja filogi, an canja kwayil, an canja famfon mai. Na ƙarshe ya ce sai an sauke injin gaba ɗaya.

"Yanzu kullum sai masu saye sun gama lodi nake isa," in ji shi. "Matan sun fara ba wa mai wata mota kifinsu, ban kuma ga laifinsu ba. Baffana ya ce ni na kashe ta da ganganci, wai shekara ashirin ubana yana lallaɓa ta, ni a wata guda na karya ta. Ya riga ya yi magana da 'yan gwangwan, Alhamis mai zuwa za su zo su yanka ta, a raba wa magada." Ya ƙara da cewa, "Ba motar ce ta fi ci mini rai ba. Ko masallaci na shiga sai in ga ana nuna ni da baki."

Mahaifiyarsa, Iya Falmata, 'yar siririyar tsohuwa ce mai ƙarancin magana, ba ta daɗe da fita takaba ba. Ba ta tambayi ko ni ɗan wane ne ba. Ta miƙo mini tuwon shinkafa da miyar kifi, ta haɗa da gidan sauro, aka share mini zaure. Rabona da cin abinci a kwano tun Mirriya. Na lura ba ta kiran sunan Modu, ɗan fari ne, sai dai ta ce yaron nan, in ana maganarsa kuma ta kau da kai kamar zancen ɗan maƙwabta ake yi.

Washegari da safe Baffa Sale ya iso, ƙanen marigayi, da carbi a hannu da mutum biyu a bayansa. Ya tarar na ɗaga murfin injin.

"Wannan kuma daga ina?"

"Bakanike ne, Baffa, daga Damagaram," in ji Modu, yana durƙushe.

"Ina kayan aikinsa?"

Na zaro sifanata guda. Ɗaya daga cikin mutanen ya juya baya yana dariya. Nan fa raina ya ɓaci, bakina kuma ya riga hankalina kamar kullum. Na ce, "Baba, waɗanda suka duba ta da akwati cike me suka tsinana? Na rantse da Allah injin nan lafiyarsa ƙalau, kuma ɗanku bai lalata komai ba. A ba ni zuwa Alhamis."

Baffa Sale bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kana da takardar shaida?" Na ce an sace. Ya gyaɗa kai. "To baƙo, ba takarda, ba kayan aiki, ka zo ka rantse a ƙofar gidan ɗan'uwana. Na ba ka zuwa Alhamis. In ta gudu, ta zauna a hannun Modu, ni da kaina zan faɗa a gaban jama'a cewa na zalunce shi. In ba ta gudu ba, masu gwangwan su ɗauki abinsu, kai kuma in raka ka wurin 'yan sanda, ka yi musu bayanin abin da ka ciccire a ciki."

Suka juya suka tafi. Modu ya ce, "Ka san abin da ke damunta, ko?" Na ce masa sosai ma. Ban sani ba.

Abin da na sani shi ne abin da maigidana ya koya mini tun ina wankin noti. Injin da ke zaune lafiya a tsaye amma ya gaza in an matsa masa, to wani abu ne yake samu kaɗan, wanda ya ishe shi in yana hutawa amma bai ishe shi in yana aiki ba. Ko mai, ko wuta, ko iska. Sai a bi su ɗaya-ɗaya, kuma ba a canja komai sai an kama shi da laifi.

A ranar Asabar ɗin na bi mai. Na cire tiyon da ke shiga kafireta na sa a kwalba, Modu ya murɗa makulli, mai ya yi ta tsartuwa da ƙarfi, tas, ba ruwa ba laka. Na busa matacin mai da bakina, iska ta wuce. Na ce ko tankin ne ba ya shaƙar iska, don na ga mutanen fadama suna naɗe murfin tanki da leda saboda ruwa. Muka cire murfin ɗungurungum muka hau hanya, ina taka totur ta nutse yadda ta saba.

Lahadi muka yi lodin kifi muka nufi Haɗeja, na kafa kunne a gaba tun daga gida har kasuwa. Na lura allurar zafi tana hawa duk sanda aka matsa mata, sai na ɗora laifin a kan wuta. Litinin na kwance filogi huɗu, mu a can buji muke ce musu, na goge, na gwada tartsatsinsu a jikin injin. Shuɗi ne mai ƙarfi, har ya ja ni a yatsa. Na juya mai raba wuta gaba, na juya shi baya, muna gwadawa a hanya kowane juyi. Ba abin da ya canja.

Talata na shimfiɗa tabarma a inuwar gida na zazzage kafireta kaf, ƙwaya-ƙwaya. Na wanke kowace kafa da fetur, na zura silin waya a 'yan ramukan, na busa. Na cire matacin iska na ajiye gefe. Rabin ƙauyen suna tsaye a kaina suna ba ni shawara, wani tsoho ma ya ce a nemo malami, tunda mai ita ya rasu motar fushi take yi. Na mayar da komai, na yi bisimilla, na taka. Ta yi gurnaninta ta dushe.

A ranar na yi tunanin gudu, ba zan ɓoye ba. Amma hanyar fita ɗaya ce, ta ƙofar gidan Baffa Sale ta bi, sauran duk ruwa ne da ciyawar kacalla, ni kuwa ban iya iyo ba. Sannan ga tuwon Iya da na ci kwana huɗu. Da la'asar ta miƙo mini kunu ta ce, "Ɗana, sannu da ƙoƙari. In abin bai yiwu ba, ba kai ka ɗora mata ba." Na karɓa na kasa haɗa ido da ita.

Laraba da hantsi na rasa abin taɓawa. Na zagaya bayan motar na zauna dirshan a ƙasa, na ce wa Modu ya tayar ya yi ta takawa, ko kunnena zai kama abin da ya tsere mini. An yi shiƙar alkama a wurin, ƙaiƙayi ya rufe ƙasa, wata kaza tana tonon abinta daidai bakin salansa. Modu ya taka har injin ya yi kuka. Kazar nan ko ɗaga kai ba ta yi ba, ƙaiƙayin ma da ƙyar yake motsi.

Motar da ake takawa haka ya kamata ta share wurin tas, ta kori kazar har bayan danga. Na tara tafin hannuna a bakin bututun. Wani ɗan huci ne ke fitowa kamar numfashin mara lafiya, can cikin tulun salansar kuma ina jin wani siririn fito. Innalillahi! Kwana huɗu ina bin abin da ke shiga injin, ban taɓa tambayar ko hayaƙin yana samun hanyar fita ba. Shekara goma sha shida a sana'a, kaza ce ta nuna mini.

Na shige ƙarƙashi. Notunan da suka haɗa salansa da injin sun yi tsatsa, Allah ya taimake ni lamba goma sha uku ne. Na jiƙa su da kananzir, na yi ta fama har fatar yatsuna ta saluɓe kafin su kwance. Na ja bututun gefe na ɗaure da waya, na shiga gaba na ce wa Modu, "Nufi jingar can, ka taka ta iya ƙarfinka."

Jinga ita ce doguwar ganuwar ƙasa da suka tara don tare ambaliya, hawanta kuwa shi motar ta fi tsana. Ƙarar da ta yi sai da tumaki suka tsinke igiya. Ta zabura ta haye jingar nan kamar an harba ta, ƙeyata ta bugi gilashin baya. Modu ya taka birki ya juyo yana kallona baki buɗe, ni ma haka nake kallonsa.

Na tambaye shi ko suna sa wani abu a salansa. Ya ce sosai, duk mai mota a fadama in zai bar ta a tudu yakan cusa tsumma a bakin bututun ya shafe da laka, saboda macizai da ɓerayen da ruwa ke korowa. In an zo ɗauka a fasa lakar a zare tsumman.

"Amma bana ba a yi ba," in ji shi. "Baba ya ce zai koma washegari ya toshe, ciwo ya kwantar da shi. Da na je ɗaukowa bakin a buɗe yake."

Na zura doguwar waya, ta shiga tsawon hannu ta ci karo da wani abu mai tauri. Modu ya ce mu yanka yanzu mu gani. Na ce a'a, sai gobe a gaban Baffa da mutanensa masu dariya. Girman kaina ne ya yi wannan maganar. Da na san abin da ke ciki, da ni kaɗai na tsaga ta a bayan gari.

Alhamis da safe 'yan gwangwan suka iso da motarsu da tukunyar gas ta yanka ƙarfe. Baffa Sale ya zo, liman ya zo, ƙauyen kaf suka taru a ƙofar gida. Na sa Modu ya hau jingar sau biyu a gabansu. Sannan na ciro salansar na kwantar a tsakiyar fili, na karɓi zarto a wurin maƙerin garin, na tsaga tulun.

Na zaci busasshiyar laka zan gani. Abin da na gani wani baƙin curi ne, ya manne da ƙarfe, ya toshe hanyar hayaƙi saura 'yar kafar da ƙaramin yatsa ba zai shiga ba. Da ƙyar na ɓamɓare shi. A gefen da zafi bai kai ba, ga zaren koriyar ragar kamun kifi, irin ta roba, har da ƙulle-ƙullenta. An tura ta can ciki, zafi ya narkar da ita ta daskare. Da tsumman auduga ne da ya ƙone ya fice, roba kuwa ba ta fita haka.

Na ɗaga curin sama ina jin kaina kamar wani sarki. A nan idona ya faɗa kan Iya Falmata. Tana tsaye a bakin zaure, ta dafe bango da hannu ɗaya, ɗayan a bakinta, idonta a kan koren zaren nan kamar ta ga gawa. Ban san yadda aka yi ba, amma na gane ta san ragar. Hannuna ya sauko da kansa.

"Mene ne wannan?" in ji Baffa Sale. "Wa ya sa?"

Matar nan kwana shida tana ciyar da ni. Na ce, "Ɓeraye ne, Baba. Sukan ja raga su yi sheƙa. Mun sha gani."

Ban taɓa gani ba, a Mirriya ina muka ga raga. Na zaci na rufe magana. Baffa Sale ya ja carbinsa ya juya wurin jama'a.

"To kun ji, ɓeraye. Shekara ashirin yayana yana toshe bututun nan, ɓera bai taɓa shiga ba. Ya kwanta ciwo yana faɗa a gaban ɗansa cewa bai toshe ba. Ƙato kamar wannan ya kasa ɗaukar kwalekwale ya je ya cika wa ubansa wannan ɗan aikin. Ashe ban yi ƙarya ba da na ce sakacinsa ne. Wanda ya kasa wannan shi za a bar wa amanar marayu?"

Mutane suka fara gyaɗa kai. Modu ya sunkuyar da kai, don gaskiya ne bai je ba. Na tsaya da curin a hannu. Na gyara motar, na kuma sake ɗaure mai ita da bakina.

"Ba ɓera ba ne."

Muryar ba ta da ƙarfi, amma kowa ya ji. Iya ta fito daga zauren, ta gyara mayafinta, ta tako har tsakiyar maza.

"Malam Sale, ni na sa. Malam, yayanka, ya cika yana maganar bututun nan. Kwana tara da rasuwarsa, ranar da jinga ta ɓalle, kuna can gaba ɗaya kuna jera buhunan ƙasa, har da yaron nan, kwanansa uku bai leƙo gida ba. Na ɗauki kwalekwalen Malam na tuƙa kaina zuwa tudun. Sai da na isa na ga ban ɗauki tsumma ba, sai tsohuwar ragar da ke cikin jirgin. Na tura ta can ciki da gora don kada a gani a ce wa ya zo. Na ɗauka za ta ƙone ta fice. Wallahi ban taɓa kawowa ita ce ba."

Wata mata a baya ta saki salati. Baffa Sale ya ja da baya taku guda, carbin ya tsaya cak a hannunsa.

"Yaya Falmata, a cikin takaba? Ke kaɗai, a wannan ruwan?"

"A cikin takaba. Wannan tsakanina da Ubangijina ne, ga liman nan, zai gaya mini abin da ya hau kaina. Ku faɗi duk abin da za ku faɗa a kaina, na yarda. Amma wata huɗu ana zagin yaron nan a kan aikin hannuna, ya isa haka."

Ta juya ta koma ciki.

Na san abin da ta jawo wa kanta da wannan maganar, a ƙauye irin wannan har ta mutu za a riƙa cewa ita ce wadda ta fita a cikin takaba. Baffa Sale ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ce wa 'yan gwangwan su yi haƙuri su koma. Ya dubi Modu ya ce a gaban kowa, "Na zalunce ka. Ka yafe mini." Ni ko kallona bai yi ba, ban kuma nema ba.

Modu ya je ya durƙusa a bakin zauren ya ce, "Iya, ranar nan fa ruwan ya kife da jirgin maza biyu a hanyar tudun."

Daga ciki ta ce, "Tashi ka kai wa mutane kifinsu, rana tana yi."

Muka yi lodi, muka ɗora tsagaggiyar salansar a kan kwalaye don mai walda a Haɗeja. Da muka hau kwalta Modu ya taka ta, ta amsa, ƙara ta cika fadamar, babura suna ba mu hanya. Na ga allurar gudu ta wuce inda tsohuwar mota mai kaya ya kamata ta tsaya, na juya in ce masa ya sassauta. Hawaye ne ke zuba a fuskarsa har cikin wuyan riga, hannunsa biyu a kan sitiyari, bai ko share ba. Na kama ƙarfen ƙofa na riƙe, na ƙyale shi ya taka ta.